Katin Rezo a Cikin Huhun Goro

Ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen goro na fi tunawa. Gwaggo Ramatu, ƙanwar babana, ta ba da saƙon katin rezo daga Parakou, abin da ake sa wa kwamfuta a ciki don ta kama intanet. Kakana Alhaji ya karɓo, ya cire shi daga ledarsa, ya naɗe da ganye, ya cusa cikin huhun goro har Djougou. A wurinsa haka ake adana abu mai daraja.

Ya riga ya faɗa mata, in na'urar ba ta yi ba, shagonta zai koma ɗakin ajiyar goro.

Ina gefenta ta warware ganyen, ta ga katin da laima. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, sannunku. Kun riƙe shi kamar farin goro."

"To, sa shi mu gani."

"Sai ya bushe."

Ta ajiye shi gaban fanka har bayan la'asar. Alhaji na ta gyaran murya, ita ko a jikinta. Sannan ta cire wayar wuta, ta kwance murfi, ta dafa ƙarfen akwatin, ta danna katin a raminsa a hankali, ta ɗaure kusa, ta jona waya, ta kunna. Har yau ban ga mai bin aiki daki-daki irinta ba.

Koriyar fitila ta fara ƙiftawa.

Alhaji ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Huhunan nan na bakin ƙofarki, gobe zan sa a kwashe."