Ai Magani Ne

Marigayiya Gwaggo Tabawa unguwarzoma ce ta fara ba ni labarin nan, ita kuwa ba ji ta yi ba, a gabanta aka yi. Ke da kike goge gwaiba a gefen zani ki kai baki, da cikinki ya fara turo riga, zauna ki ji.

Wani mai lambu ne a bakin fadama, kowace shekara tsutsa ke riga shi cin gwaibarsa. Ran kasuwa aka sayar masa da wata kwalba, aka ce maganin ƙwari ne, murfi ɗaya a tankin feshi. Ya ce a ransa, in ɗaya na yi, ai uku sun fi, ko jiƙo sai ya yi kauri yake aiki. Rubutun jikin kwalbar na Turawa ne, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, hoton ƙoƙon kan mutum da ke gefe kuwa ya ɗauka tambarin kamfani ne. Gwaiba ta yi kyau a shekarar, sumul, ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Ana haka 'yarsa ta zo goyon ciki, cikin fari bayan shekara bakwai da aure, ba abin da ranta ke so sai gwaiba. Ya yi feshi da hantsi, da la'asar ya tsinko mata manya-manya cike da hula, ruwan feshin ya bushe fari-fari a bawonsu. Matarsa ta ce a kawo ta wanke. Ya ce, "Wanke me? Ai magani ne. Wa ya taɓa jin an wanke magani?" Ya goga a hannun riga ya miƙa wa 'yar, yana kallonta tana ci har da bawo, yana murna.

Kafin magariba sai amai, yawu na dalala, ciki na murɗa. Aka kira Gwaggo, ta duba ta ce wannan ba naƙudar Allah da Annabi ba ce, a nufi asibiti. Mai cikin ta tashi da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne. Da aka kawo kwalbar, malamin asibiti ya karanta masa: bayan feshi sai an jira kwana goma sha huɗu kafin a tsinka. Tsohon ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce, "To don me kuke ce masa magani?" Mai sayarwar kuwa ran kasuwa na gaba yana nan a rumfarsa, kwalabensa a jere.

Ni ban ce kada ki ci ba, 'yar nan. Ki wanke da ruwa mai yawa, ki fere, in na lambun gida ne ki tambayi ranar da aka yi feshi. Ni dai washegarin da na ji labarin, na ɗauki gawayi na shiga ɗakin ajiyar kakanki, na rubuta a bango saitin jarkarsa ta maganin feshi, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci: GUBA. Ya yi ta faɗa, ban goge ba. Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.