Zuriyar Barde

Ranar da aka zo musayar zakaru, Ɗantala ya yi kukan da bai yi ba ranar da ruwan dam ya ci gidansu. Ya rungume zakaransa Barde a ƙirji, ya zagaya dandalin sabon matsuguni yana kiran jama'a su shaida zaluncin da ake yi wa mutum irinsa, wanda tun daga Maradun har Bakura babu mai kaji kamar nasa.

A wannan kam bai yi ƙarya ba. Durgu ne baƙaƙe wuluk, gajerun ƙafa, suna tafiya kamar ƙirjinsu zai share ƙasa. Kakarsa ta bar wa uwarsa, uwarsa ta bar masa. Da aka tashe su daga tsohon gari, mutane suka ɗauki ƙofofi da azara, shi kuwa akurki ya aza a kai. Gona ta tafi, kushewar iyaye ta tafi, kajin nan kaɗai suka haye tudu tare da shi. Barde kuma shi ne zakaran da ya rage.

Malam Mamuda, malamin gona da aka turo daga Talata Mafara, mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke gajiyar da mutane. Umarnin da ya zo da shi a fili yake: kowa ya miƙa zakaran Hausa, a ba shi jan zakaran Turawa, don iri ya gyaru. Da ya karɓi Barde ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya yi dariya har da hawaye, ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin zakara mai munin wannan ba. Ɗantala ya karɓi jan zakara ya juya gida. Da maraice ƙamshin farfesun zakarun da aka karɓa ya cika unguwa.

Jan zakaran kuwa ya samu girman da ko baƙon Makka bai samu ba. Ɗantala ya ɗaure shi a zaure da sabuwar igiya, ya sa masa kasko na kansa, ya ce dabbar gwamnati ba ta shiga cikin gida ta cuɗu da talakawa. Talatar da ta zagayo, ya aiki matarsa Shatu kasuwar Mafara da kaza mafi kyau, ta kai gidan malamin gona gaisuwa.

Malam Mamuda ya fusata. Shi ba ya cin toshiya, a mayar. Matarsa Taibatu ta ce ai ba a maido wa mace kyauta a hannunta tana tsaye, abin kunya ne, a bari wata Talatar a ba 'yan kasuwa su kai. Ya ce ta yi yadda ta ga dama, ya hau babur da kwanduna biyu a baya, ya tafi ƙauyuka nuna wa manoma irin da ake so da irin da ba a so.

Kaza ta dawo. Ɗantala ya yi ta ƙorafi a majalisa cewa an raina shi, wataƙila waccan ta yi wa malam ƙanƙanta. Ya aika wata. Ita ma ta dawo. Ya aika wata.

Kafin damina ta tsaya, gidajen matsuguni sun cika da jajayen 'yan tsaki masu dogayen ƙafafu, waɗanda shaho ke ɗauka kamar an ajiye masa. Gidan Ɗantala kuwa baƙaƙe ne, gajeru, suna bin iyayensu kamar ƙwallon goriba. Ko ɗigon ja babu.

Labari ya kai Mafara. Malam Mamuda ya zo da mai unguwa, ya ce an ɓoye zakara, kuma in ya same shi, zai yanka shi nan take, kajin ma a kwashe su duka. Aka duba rumbu, aka kife tukwane, aka leƙa bayan danga, har gidajen maƙwabta. Malam ya yi sammako bayan sallar asuba ya tsaya a ƙofar gida yana kasa kunne. Cara ɗaya ce ke fita, ta jan da ke zaure.

Ɗantala ya gyara hula, ya dafe ƙirji.

"Ranka shi daɗe, mi na yi maka? Kun amshe gona, na yi shiru. Kun amshe zakara, da hannuna na miƙa, gaban jama'a. Na rantse ban ɓoye zakara ba, ko nan ko gidan kowa. In kajina sun ƙi haihuwar Bature, sai ka kai su ƙara."

Mai unguwa ya juya baya yana tari. Malam Mamuda ya tsaya yana kallon 'yan tsakin, kamar su ne za su ba shi amsa. Daga ƙarshe ya ce zai dawo, kuma a daina aiko masa kaji, ba zai karɓa ba ko shekara za a yi.

"Gaisuwa gadonmu ce, malam. Kai ka maido, ni in aika. Mu ga wanda za ya gaji."

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba ya ƙwala wa Shatu kira, ta kama kazar nan mai tukku, ta isa, gobe Talata.

Washegari Taibatu ta karɓi kazar, ta yi godiya da ban haƙuri kamar kullum, ta kwance mata ƙafa, ta kai ta bayan gida. Akurki ɗaya ne tak a gidan malamin gona, kuma mai ɗakin yana ciki ya ƙoshi da dawar gwamnati: Barde, mummunan zakaran nan da malam ya hana a yanka, don ya riƙa nuna wa manoma irin da ba a so.