Lambun Yaya

A gida Injiniya ake kiransa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shekara ashirin ya yi yana buga wa mutane takardu a shago. Sai da furfura ta kama shi ya gano cewa ƙirƙirarriyar basirar nan da ake kira AI tana rubuta manhaja in ka yi mata bayani. Matarsa ce ta raɗa masa sunan don tsokana. Shi kuwa, kamar yadda mu masu irin shekarunsa muka saba, ya karɓa hannu bibbiyu.

Da haka iyalin suka buɗe shafin wasanni na kyauta a intanet, ba sai ka sauke komai ba, ka buɗe ka fara. Shi ke yi wa AI bayani, 'yarsu Auta ke zane, matarsa kuma ta gwada ta faɗi gaskiya, wadda ba kullum ake son ji ba. Dokarsu ɗaya ce: ba a taɓa wasan da ke kan shafi sai an zauna a teburin falo kowa ya buga sabon, Auta kuma ta ajiye kwafin tsohon a filash.

Wasan da ya fi daraja a gidan shi ne Lambu. Domin Yaya aka yi shi, wan Injiniya, tsohon direban tirela da shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hannun dama da rabin magana. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu kullum, aka kawo ƙwallon roba, Yaya ya ce shi ba jariri ba ne. A Lambu kuwa, da yatsa kake jan gwangwanin ruwa zuwa kan shuka. In ka gama na ranar, bishiya ɗaya ta tsaya. Mai lafiya minti biyu ya ishe shi, Yaya rabin awa yake yi yana gumi.

Cikin wata takwas ya tara bishiya ɗari biyu da arba'in, ya kuma koma riƙe cokali da kansa. Duk baƙon da ya zo sai ya ga lambu kafin a ba shi ruwa.

Wata rana Injiniya ya je aski, ya nuna wa mai askin wasan yana jiran yabo.

"Injiniya, waɗannan bishiyoyi ne ko tsintsiyoyi aka kafa?"

Shagon ya ɗauki dariya. Injiniya ya koma gida kai fes, zuciya a dagule. Matarsa da Auta sun fita dubiya, da la'asar za su dawo. Wata zuciya ta ce ya jira su. Wata ta ce, wai shin waye injiniya a gidan nan?

Ya ce wa AI ta sabunta bishiyoyin. Ta amsa da dogon bayani. Ya laluba tabarau bai gani ba, alhali yana bisa kansa. Sai ya rubuta abin da ya saba rubutawa: "Ci gaba."

Bai gama shan shayi ba ya ji Yaya yana bubbuga sanda a ƙasa. Ya same shi riƙe da waya. Fili ne fetal, kore shar, da shuka ɗaya tak mai kyawawan ganye.

"Ina... lambuna?"

Da Auta ta dawo, ta karanta bayanin a fili: "Wannan canjin zai share duk abin da 'yan wasa suka tara. In ajiye kwafi tukuna, ko in ci gaba?" Ta ɗago. "Baba, ta tambaye ka fa. Kuma ba mu da kwafin Lambu, tunda ba a taɓa gyara shi ba."

"Na'ura ma ta san a yi shawara," in ji matarsa.

Yaya ya kifa wayar a aljihun tebur. Mako uku bai taɓa ta ba. Yatsun suka sake lanƙwashewa. Ranar da cokali ya suɓuce masa ya faɗi a gaban kowa, ya juya fuska bango, ya ƙi ci.

Injiniya ya rubuta ban haƙuri a saman shafin, da bakinsa, ba da na AI ba. Sannan ya ja kujera kusa da wansa, ya cusa hannun dama a aljihu, ya fara sabon lambu da ɗan yatsan hagu. Ruwa ya yi ta zuba ko'ina ban da kan shuka. Yaya bai ko kalle shi ba. Injiniya ya dawo washegari, ya sake dawowa.

A rana ta huɗu Yaya ya yi tsaki.

"Za ka... kashe ta. Kawo."

Da hannun dama ya karɓa. Minti arba'in ya yi. Bishiya ta tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Ashe maganar mai aski ta kai kunnensa.

"Ta fi... tsintsiyoyin kyau. Amma kai sakarai ne."

"Na karɓa, Yaya."

Yau bishiyoyin sun kai talatin da ɗaya, cokali ya dawo hannunsa. Na da sun tafi ke nan. Matar Injiniya ta ɗaura wa tabaransa igiya ta rataya masa a wuya, dokar tebur kuma Auta ta manna ta a jikin kwamfuta da manyan baƙaƙe.

Jama'a, na'ura komai basirarta ba ta san wa ya yi gumi a kan abin da za ka share ba, kai ne ka sani. Ka karanta kafin ka danna, ka jira shawarar mutanen gidanka, domin sauri kan haifi nawa.