Yatsan Mai Kiwon Kwaɗi

A taron karrama ta, Farfesa tana jero godiya har ta kai sunan abokin bincikenta na tara, tsoho mai kiwon kwaɗin ɗakin gwaji bai ji nasa ba. Shekara talatin yana ciro mata ƙwansu, inda ta gano ƙofofin da gishiri ke bi ya shiga ƙwayar halitta.

"Ko kwaɗo ba su iya kamawa ba," tsohon ya ce wa direban Farfesa da ke zaune kusa da shi. "Ni kuwa shugabannin ɗakin gwaji huɗu na ga bayansu."

"Saura gwarzonmu," in ji Farfesa.

Tsohon ya miƙe yana gyara hula. Sai hoton ƙaton kwaɗo ya cika bango, aka ɗauki tafi.

Ya zunguri direba. "Ka ga yatsan da ke riƙe da shi? Nawa ne."