Taku Goma a Bayan Miji

Watan Hansai biyar a Landan, amma ko sunan layin da take kwana ba ta sani ba. Mijinta Ɗalha ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda aka turo kwas a 1975, lokacin da arzikin mai ke tashe a Najeriya. Ya ɗauko ta daga Gaya da ƙaramin ciki, ya ajiye ta a wani flat a Lewisham, ya ja ƙofa.

Matar maƙwabcinsu ta ce za ta riƙa koya mata Turanci, Ɗalha ya ce ba da shi ba, ido zai buɗe. Hansai ta roƙe shi ko adireshin gidan ya rubuta mata ta ƙulle a bakin zane.

"Ina za ki da ba ni?" Iyakar amsar ke nan.

Ran nan da la'asar suna dawowa daga awo, cikin ya shiga wata bakwai. Tashar jirgin ƙasa ta London Bridge ta cika maƙil da ma'aikata masu komawa gida. Ɗalha na gaba da kwat da jaka, tikitinsu biyu a aljihunsa, ita tana taku goma a baya yadda aka saba. A gida kunya ce ke sa haka, amma shi a nan gudun a gan shi da mai zane da mayafi yake yi.

Ya faɗa jirgi, wani ya bugo ƙofa, aka busa usur. Gogan naku ya buɗe jarida. Wallahi bai waiwaya ba sai da ya sauka a Lewisham.

Jirgi ya tafi ya bar Hansai tsaye a tasha. Sai ta yi tunani irin na gida: ai layin dogo ɗaya ne, jirgin da ya fuskanci kudu, kudu za shi. Da wani jirgin ya tsaya a daidai wurin, ta yi bismillah ta shiga. Baiwar Allah, wa ya taɓa gaya mata cewa a nan layin rabuwa yake kamar yatsun hannu?

Aka yi ta tafiya, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. A tasha ta ƙarshe kowa ya watse, ta zauna a kan benci cikin sanyin Disamba. Wani mai hular ma'aikata ya yi ta yi mata magana, ta gane dai tambayarta yake. Ta ce, "Malam." Tun da aka ɗaura aure sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya tafi neman ɗan sanda.

Kafin su dawo mara ta murɗa, jini ya jiƙa zanen. A asibitin garin aka ciro ɗa namiji, ba rai.

Sai a kwana na biyu aka samo wata nas 'yar Jos, Rhoda, mai jin Hausa.

"'Yar'uwa, ina kike zaune?"

"Gida mai jar ƙofa, kusa da mai kifi."

Rhoda ta juya baya ta share hawaye. Da lallashi ta sa Hansai ta faɗi sunan mijin, a hankali kamar mai sata, aka bi ta ofishin jakadanci aka gano shi.

Ɗalha ya shigo ko sannu babu.

"Wa ya ce ki motsa daga inda na bar ki? Kin sa na yi missing ɗin lecture, 'yan sanda har college. Kin kunyata ni."

Hansai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Namiji ne, Ɗalha. Da ka waiwayo sau ɗaya."

Jama'a, duk wanda ya kai iyalinsa baƙuwar ƙasa ya hana su sanin hanya da harshe, ba tsare su ya yi ba, zaluntarsu ya yi. Ka koya wa matarka hanyar gida, ka ba ta tikitinta a hannu, ku jera tare.