Kashin da Za a Ɗura wa Baba

"Kashin mutum za ku ɗura wa mahaifina?" Auta ta tambaya.

Likita ya ce eh. Magungunan da aka yi ta ba Baba sun kashe ƙwayoyin kirki na hanjinsa, mugu guda ya mamaye wurin, gudawa na neman ƙarar da shi. Sai an tace bayan gidan mai lafiya an zuba masa ta tiyo.

Yayyenta suka yi cirko-cirko. Ita ce ta miƙa hannu ta karɓi robar gwaji don ta ba da nata.

Kwanaki ta yi a bakin ɗakin kulawa ta musamman, tana leƙen Baba ta gilashi. Duk ƙarar da na'ura ta yi sai ta miƙe ta manna fuska a gilashin.

Ranar da likita ya kira ta ofis ya rufe ƙofa, ko zama ba ta yi ba ta jefa masa tambaya.

"Ya rasu ko? Don Allah faɗa min kawai."

"Baba na samun sauƙi. Da na wani muka yi masa."

"To nawa fa?"

Ya jawo mata kujera.

"Mun ga jini a naki, muka ƙara bincike, sakamakon bai yi kyau ba. Zauna, ƙanwata, ki kira yayyenki. Ke ce ba za ki koma gida yau ba."