Katin Manomin Wiwi

"Guringuntsin bayanka ya zaizaye, Baba," in ji likita. "Man wiwi zan rubuta maka, yanzu gwamnati ta halatta. Kawo katin shaidarka."

Tsoho ya yi dariya har ciwon ya tsarga masa ƙafa. Shekara ashirin bai sauko daga duwatsun yankinsu na Rif ba, jandarmomi na nemansa saboda noman ganyen nan da ya cinye masa baya. Amma ya gaji da salla a kwance. Ya miƙa katin, aka shigar da sunansa cikin na'ura, tsohon sammacinsa ya fito.

A ƙofar asibiti jandarma ya sa masa ankwa, ya buɗe masa mota yana dafe da nasa ƙugun.

"Hau a hankali, Alhaji, ni ma bayan ne. Ka gwada man nan kuwa? Wallahi yana aiki."